Karatun hulɗar ƙasa da ƙasa: Kafin Jeniba, akwai Jibiya

Duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akan sami gidajen da murnarsu ta ɗara ta maƙwabta, domin yaronsu ya samu kwas ɗin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa. Tun kafin a biya kuɗin rajista abokai sun fara kiransa "Ambasada", iyaye kuma sun fara hango shi cikin babbar riga yana wakiltar Najeriya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ko a ɗakunan taro na birnin Jeniba da ke ƙasar Suwizalan. Bayan shekara huɗu, ko biyar idan yajin aiki ya ratsa, sai ya gama bautar ƙasa ya dawo gida da takarda a hannu, ya tarar ƙofar da ya daɗe yana hange ba ta ma san da zamansa ba. Daga nan wasu su koma koyarwa a makarantun kuɗi, wasu su kama sana'ar POS, sunan "Ambasada" kuwa ya rikiɗe ya zama abin zolaya a majalisar unguwa.

Ganin haka ne ya sa mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa wannan karatu ɓata lokaci ne. Hukuncin yana da dalili, amma bai faɗa daidai ba. Ilimin yana da amfani, kuma Najeriya na cikin tsananin buƙatarsa. Inda aka yi kuskure shi ne an sayar wa ɗalibai da iyayensu hoto ɗaya tak, na jakada a wani babban birnin Turai, alhali mafi yawan aikin da wannan ilimi ya dace da shi yana nan kusa, a kan iyakokin ƙasa da kasuwanninta da kogunanta, kuma ba a horar da ɗalibai dominsa.

Abin da kwas ɗin ya ƙunsa

Wannan fanni ba tsohon yayi ba ne a jami'o'in duniya. An kafa kujerar farfesa ta farko a kansa a 1919 a Aberystwyth da ke Birtaniya, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin gano abin da ke jefa ƙasashe cikin yaƙi da yadda za a kauce masa. Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba, 1960, a matsayin mamba ta 99, a 1961 kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Najeriya a Legas. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife na daga cikin waɗanda suka fara buɗe sashe na musamman domin fannin. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an haɗa shi da Kimiyyar Siyasa a sashe ɗaya, jami'o'i da dama kuma sun jingina shi da Tarihi.

Wanda ya yi karatun yadda ya kamata zai fita da sanin yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya da yadda suke warware ta, da dokokin ƙasa da ƙasa irin su yarjejeniyar Biyana ta 1961 wadda ta tsara haƙƙoƙin jami'an diflomasiyya, da tsarin cinikayyar duniya, da yadda manyan ƙungiyoyi ke yanke shawara. Zai san cewa sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana manufofin hulɗar Najeriya da ƙasashen waje, sashe na 12 kuma ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Wannan ilimi ne mai nauyi, kuma ƙasar da ba ta da masu shi takan sa hannu a takardar da jikokinta za su yi ta biyan kuɗinta.

Sai dai akwai wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. Yawancin sassan Tarihi da suka ƙara wa sunansu "da Nazarin Ƙasa da Ƙasa" ko "da Diflomasiyya" sun yi haka ne a lokacin da ɗalibai suka ƙaurace wa Tarihi, domin sabon suna ya jawo masu neman gurbi. Dabarar ta yi aiki, azuzuwa sun cika. Amma a wurare da yawa allon ƙofa kawai aka sauya, manhaja da littattafai da hanyar koyarwa suna nan yadda suke. Ɗalibi zai haddace sunayen masanan Turai da ra'ayoyinsu, ya rubuta su a jarrabawa, ya fita bai taɓa karanta matanin yarjejeniya ko guda ba, bai taɓa rubuta takardar shawara mai shafi biyu ba, kuma ba ya jin wani harshen waje bayan Ingilishi.

Ƙofar jakadanci tana da ƙunci

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Najeriya na da ofisoshin jakadanci ɗari da 'yan kai a faɗin duniya, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje ba ta ɗaukar ma'aikata duk shekara. Idan ta tashi ɗauka, ta hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ake bi, ana raba guraben bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi, kuma ba ta keɓe su ga masu wannan digiri kaɗai ba. Mai digirin lauya da na tattalin arziki da na Faransanci duk suna cikin layi. Wanda ya dace ya shiga zai fara daga ƙasa, ya je Makarantar Horar da Jami'an Diflomasiyya, ya shafe shekaru ashirin ko fiye yana hawa mataki-mataki kafin a fara maganar muƙamin jakada. Ko a lokacin ma, wani kaso mai tsoka na kujerun jakadu 'yan siyasa ake ba wa, waɗanda ba su taɓa aikin ma'aikatar ba.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya isa ishara. A watan Satumban 2023 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta kira jakadun Najeriya gida, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ba a tura sababbi ba. Ƙasar da za ta iya barin ofisoshinta na waje tsawon wannan lokaci ba shugabanni, ba za a sa ran ta samar wa dubban matasan da ke fitowa da wannan digiri duk shekara aiki a waɗannan ofisoshi ba.

Ƙofa ta biyu da ake yawan hange ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji. Ita ma ba a buɗe take ba. Shirin Majalisar na ɗaukar matasan ƙwararru yana da jarrabawa mai tsauri, yana da iyakar shekaru 32, kuma 'yan ƙasashen da ba su da isasshen wakilci a ma'aikatanta kaɗai ake gayyata, jerin kuwa yana sauyawa duk shekara. Sauran muƙaman yawancinsu digiri na biyu suke nema tare da shekarun ƙwarewa. Ayyukan agajin da rikicin Boko Haram ya jawo zuwa Maiduguri da Damaturu da Yola sun ɗauki matasa da yawa, amma tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a farkon 2025, ta kuma rushe hukumar USAID, ƙungiyoyi da dama sun rage ma'aikata. Wanda ya jingina rayuwarsa ga kuɗin da wata majalisa a wata nahiya ke kasaftawa, ya san cewa rana ɗaya ana iya rufe famfon ba tare da an shawarce shi ba.

Waɗanda suka kai, me suka riƙa?

Yana da kyau a dubi 'yan Najeriyar da suka kai ƙololuwa a wannan fage, a ga da me suka shiga. Cif Emeka Anyaoku, wanda ya shugabanci sakatariyar ƙungiyar Commonwealth daga 1990 zuwa 2000, harsunan Latin da Girka da adabinsu ya karanta a Ibadan. Janar Joseph Garba, shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, soja ne. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar a zamanin Shugaba Shehu Shagari, ya kuma jagoranci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata, malamin makaranta ne da fasahar magana da sanin mutane suka ɗaukaka. Dakta Rilwanu Lukman, wanda ya riƙe sakatariyar ƙungiyar OPEC daga 1995 zuwa 2000, injiniyan haƙar ma'adinai ne. Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, shugabar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya tun 2021, masaniyar tattalin arziki ce da ta daɗe a Bankin Duniya. Hajiya Amina Mohammed, mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, ta hanyar tsara shirye-shiryen raya ƙasa da Ma'aikatar Muhalli ta bi.

Ko waɗanda suka karanta Kimiyyar Siyasa ma, ba takardar kaɗai ce ta kai su ba. Marigayi Mohammed Barkindo ya yi digirinsa a Zariya, amma shekarun da ya kwashe a harkar man fetur ne suka ba shi kujerar OPEC daga 2016 zuwa 2022. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Babban Zauren Majalisar a 2019, sai da ya koyar shekara da shekaru a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zama shugabanta, ya kuma jagoranci Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru. Farfesa Ibrahim Gambari shi ma daga aji da bincike ya fito kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984.

Darasin a fili yake. Duniya ba ta neman wanda ya san komai sama-sama. Tana neman wanda ya riƙe abu guda da kyau, mai ne ko ruwa ko doka ko kuɗi ko harshe, sannan ya san yadda ƙasashe ke ciniki a kansa. Digirin hulɗar ƙasa da ƙasa kamar gishiri yake: yana gyara miya, amma ba a zuba shi a kwano a ce an yi abinci.

Darasin Yulin 2023

Babu abin da ya nuna buƙatar wannan ilimi a Najeriya kamar abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ECOWAS, a ƙarƙashin jagorancin Najeriya, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, aka kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Iyakar da aka rufe ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, kayan gwari suka ruɓe, kasuwannin dabbobi suka yi sanyi, dangi suka rabu da dangi. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin ba tare da an cim ma abin da aka sa shi dominsa ba. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975, hedikwatarta kuma tana Abuja.

Abin lura shi ne waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Yamai lokacin da ta ƙi buɗuwa ga manyan tawagogi. Sarki Muhammadu Sanusi II ya samu ganin Janar Abdourahamane Tiani tare da rakiyar Sarkin Damagaram. Tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta samu zama da shi. Abin da suka riƙa shi ne harshe ɗaya da tarihi ɗaya da sanin yadda ake yi wa mutanen wurin magana. Wannan shi ne jarin da ya kamata a ce ma'aikatun Abuja suna da shi a cikin ofisoshinsu tun kafin a yanke shawarar farko, a hannun jami'an da suka san abin da Ƙonni take ga Illela, da abin da Maraɗi take ga Katsina, waɗanda kuma za su iya rubuta wa shugaba a shafi biyu abin da rufe iyaka zai jawo wa Dawanau cikin wata uku.

Irin wannan sani ba baƙo ba ne a wannan yanki. Daular Barno ta aika jakadu zuwa ga Daular Usmaniyya a zamanin Mai Idris Alauma a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Kanemi sun yi musayar wasiƙu suna muhawara kan halaccin yaƙin da ke tsakaninsu, kuma ofishin Wazirin Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke kula da wasiƙun da ke tsakanin fadar da masarautu. A 1824 Bello ya karɓi Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, suka tattauna batun ciniki. Ɗalibi zai iya gama digirinsa a jami'ar da ba ta fi tafiyar awa biyu daga inda aka rubuta waɗannan wasiƙu ba, amma ba a taɓa ɗora masa ko ɗaya a gabansa ya nazarta ba.

Inda aikin yake

Idan aka kawar da ido daga kujerar jakada, sai a ga filin yana da faɗi. Na farko shi ne ciniki. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka a Yamai a Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021. Yarjejeniyar na da ƙa'idoji masu sarƙaƙiya kan tabbatar da asalin kaya da harajin shigo da su da ingancinsu. Ɗan kasuwar da ke fitar da riɗi ko zoɓo ko citta ko fata daga Kano ba shi da lokacin karanta su, amma yana da kuɗin biyan wanda ya karanta. Haka kamfanonin siminti da bankuna da kamfanonin sadarwa na Najeriya da suka bazu a ƙasashen Afirka suna buƙatar masu fahimtar dokoki da siyasar inda suka zuba jari. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, idan ya kammala, zai ƙara wannan buƙata.

Na biyu shi ne ruwa da iyaka. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Injamena, Hukumar Kogin Neja kuma tana Yamai, Najeriya mamba ce a duka biyun. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya taimaka wajen ambaliyar 2012 da ta 2022 a jihohin da ke gaɓar Binuwai, madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa kuma tana saman Kainji ne. Duk waɗannan batutuwa ne da ake warwarewa a teburin shawara, kuma wanda ya zo teburin ba shiri shi ke tashi da asara. Shari'ar Bakassi ta isa misali. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002 ya dogara ne ƙwarai da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913, kuma bai tsaya ga Bakassi ba, ya shafi ƙauyukan yankin Tafkin Chadi irin su Darak. Tsohuwar takarda da taswira ne suka raba gardamar.

Na uku shi ne kula da 'yan ƙasa da ke waje. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan alhazai, kuma kowace shekara sai an zauna da hukumomin Saudiyya kan kujeru da masauki da jigila. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare na aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara. Akwai matan da ake yaudara a kai su aikatau ƙasashen Larabawa, da matasan da ke maƙalewa a Agadas da Libiya, da ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a Sudan a Afrilun 2023 har aka kwaso su ta Masar da Port Sudan. Hukumar alhazai da ta hana fataucin mutane da ta 'yan ƙasa mazauna waje da ta shige da fice da ta kwastam duk suna buƙatar mutanen da suka san dokar ƙasa da ƙasa, suka kuma iya harshen waɗanda za su yi hulɗa da su.

Na huɗu shi ne bayani da bincike. Sashen Hausa na BBC na watsa shirye-shirye tun 1957, ga DW da RFI da TRT, ga jaridu da gidajen rediyo na cikin gida. Miliyoyin masu sauraron Hausa na bin labaran duniya da sha'awar da ba kasafai ake samun irinta ba, kuma a zamanin da jita-jita ke yawo a Facebook da TikTok kan sansanonin soja da makircin ƙasashen waje, ana buƙatar masu sharhin da za su bambance tsaki da tsakuwa. Cibiyoyin bincike da kwamitocin Majalisar Tarayya da gwamnatocin jihohin kan iyaka su ma suna da gurbin masu irin wannan ƙwarewa, ko da ba su riga sun gane haka ba.

Jarin da ake wasa da shi

A duk waɗannan fagage, harshe ne mabuɗi. Ƙasashe huɗun da suka kewaye Najeriya ta tudu, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk da Faransanci ake aikin gwamnati a cikinsu, Chadi kuma ta haɗa da Larabci. Ingilishi da Faransanci ne harsunan aiki na sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, Larabci kuma na cikin harsunanta shida na hukuma. ECOWAS na aiki da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ɗalibin da ya tashi a Katsina ko Sakkwato ko Maiduguri ya riga ya zo da rabin kayan aiki. Yana jin Hausa, wataƙila da Fulatanci ko Barbarci, harsunan da ke tafiya daga nan har Sudan. Da yawa sun yi makarantar Islamiyya, suna da tushen Larabcin da ɗan ƙoƙari kaɗan zai mayar da shi na aiki. Abin da ya rage shi ne Faransanci da Ingilishin rubutu mai tsafta. Najeriya na da Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry da na Larabci da aka kafa a Ngala, amma galibi ɗaliban sassan harsuna kaɗai ake turawa. Matashin da ya haɗa Hausa da Larabci da Faransanci da Ingilishi, ya ɗora digirin hulɗar ƙasa da ƙasa a kai, ba shi da abokan takara da yawa a duk yankin Sahel. Abin takaici shi ne ba a faɗa masa haka a shekararsa ta farko, sai ya riƙa ganin harshen gidansu da Larabcin allonsa a matsayin abin da ba shi da alaƙa da karatun zamani.

Masu cewa sai da hanya

Akwai masu cewa duk wannan zance ne kawai, domin a Najeriya ba ƙwarewa ke ba da aiki ba, sanayya ce. Ba za a ce ƙarya suke yi ba. An sha jin koke-koken ɗaukar ma'aikata a ɓoye da sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, har Majalisar Wakilai ta yi bincike a kai. Amma wannan hujja ce da ke ƙarfafa batun, ba ta rushe shi ba. Inda sanayya ta fi tasiri shi ne inda masu nema dubu suke riƙe da takarda iri ɗaya, babu abin da ya bambanta wani da wani. Kamfanin da ke son wanda zai zauna da jami'an kwastam na Kamaru ba zai ɗauki ɗan gidan wane ba idan ba ya jin Faransanci, domin kuɗinsa ne za su salwanta. Ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba ita ce kaɗai hanyar da ɗan talaka ke iya yi wa kansa.

Abin da ya kamata a gyara

Nauyi na farko na kan jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Bai kamata a ba kowa wannan digiri ba sai ya ci jarrabawar harshen waje guda, magana da rubutu. Ya kamata kowane ɗalibi ya zaɓi fanni ɗaya da zai zurfafa a ciki tun daga shekara ta biyu, ko ciniki, ko tsaro, ko ruwa da muhalli, ko ƙaura da 'yan gudun hijira, ya ɗauki darussa a sashen da ya dace. A koya masa karanta alƙaluma da rubuta gajeriyar takardar shawara. A tura shi sanin makamar aiki na wata shida a ofishin kwastam na kan iyaka, ko cibiyar 'yan kasuwa, ko hukumar alhazai, ko ɗakin labarai. Jami'o'in Katsina da Sakkwato da Dutse da Maiduguri kuma su ƙulla musayar ɗalibai da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Marwa, wanda kuɗin mota kawai yake buƙata, ba tikitin jirgi ba.

Nauyi na biyu na kan gwamnati. A mayar da ɗaukar jami'an harkokin waje ya zama ta jarrabawa a bayyane, a lokaci sananne, a ba iya harshe maki mai nauyi. A daina ɗaukar ofisoshin Yamai da Injamena da Yawunde da Kwatano a matsayin wuraren da ake tura marasa gata, domin abin da ke faruwa a can ya fi shafar tsaro da abincin ɗan Najeriya fiye da abin da ke faruwa a mafi yawan biranen Turai. Shirin tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan, wanda aka ƙirƙiro a 1987 a zamanin Farfesa Bolaji Akinyemi, ya nuna cewa ƙasar ta taɓa yin tunani mai nisa a wannan fage, kuma za ta iya sakewa.

Nauyi na uku na kan ɗalibai da iyayensu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya samu wannan gurbi ya fara koyon harshe tun daga zangon farko, ya riƙa sauraron labaran maƙwabta cikin harshensu, ya yi amfani da hutu wajen aikin sa-kai, ya zaɓi batun binciken kammala karatunsa daga abin da zai iya zuwa ya gani da idonsa, kamar cinikin dabbobi a Maigatari ko zaman 'yan gudun hijira a Difa, maimakon maimaita abin da ɗaruruwa suka riga suka rubuta kan rikicin manyan ƙasashe. Uban da ke biyan kuɗin makaranta kuma yana da haƙƙin ya tambayi sashen da ɗansa zai shiga: wane harshe ake koyarwa, ina ake tura ɗalibai koyon aiki, kuma ina waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce suke yanzu? Sashen da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi suna kawai yake sayarwa.

Babu laifi matashi ya yi burin zama jakada, kuma daga cikin masu shiga aji a bana akwai waɗanda za su kai. Amma tarihin waɗanda suka riga su ya nuna cewa an kira su zuwa manyan zaurukan duniya ne bayan sun ƙware a kan wani abu a gida. Wanda ya iya sasanta direban tirela da jami'in iyaka a Jibiya cikin harsuna uku, ya kuma rubuta rahoton da minista zai karanta ya gane, ya riga ya fara aikin diflomasiyya, ko da ba a taɓa buga masa biza ba.